Zuwan Mashiya na Uku

Bukhara, 17 ga Satumba, 1996

Yaya Gabriyel,

Gaisuwa da girmamawa. Allah Ya rubuta ka da iyalinka cikin masu rai a wannan sabuwar shekara tamu ta Yahudawa, Ya ƙara maka lafiyar ƙafa. A waya na gaya maka Uriyel ya rasu, ban gaya maka yadda aka yi ba. Ga shi yanzu. Ranar Lahadi, 4 ga Fabrairu, sha huɗu ga watan Shebat a lissafinmu, ya dawo daga jami'a, ya ci abincin rana, ya shiga ɗakin baya ya kunna murhun gas, ya kwanta. Mahaifiyarsa Zilfo ce ta same shi da la'asar. Mako ɗaya kafin nan maƙwabcinmu Mashiya ya gyara mana rufin ɗakin, ya toshe bututun hayaƙi da tsumma don kada ƙasa ta zuba ciki, ya manta bai cire ba, hayaƙin ya rasa mafita. Shekarar yaron goma sha tara.

Ka san yadda unguwar ta zama tun da kuka tafi. Mazan da suka rage a majami'a goma ne cif, kuma addu'ar Kadish da ake yi wa mamaci ba ta yiwuwa da tara. Mashiya yana cikin goman. Kowace safiya ina tsayawa in yi wa ɗana addu'a, in ji "amin" ɗinsa a bayan wuyana. Ban taɓa juyawa ba.

Ranar sabuwar shekara, bayan an busa ƙaho, limaminmu Mullo Rahmin ya ce kowa ya ɗaukar wa kansa abu ɗaya da zai gyara, ƙarami, wanda zai iya. Ilyawu wanzami ya ce zai daina gulma, sai Abo mai rini ya ce to ya rufe shagon kawai, tunda ba don aski ake zuwa ba. Abo ya ce shi zai riƙa zuwa addu'a da wuri, Ilyawu ya ce ai sai matarsa ta ɗauki niyyar tashinsa. An yi dariya. Da aka zo kaina Mullo ya tsallake ni, don tausayi. Ni na tsayar da shi, na ce na ɗauki niyyar yafe wa wanda ya cuce ni. Ban ambaci suna ba, babu kuma wanda ya ɗaga kai.

Na faɗa ne ina zaton furtawa za ta ja zuciya ta biyo baya. Ba ta biyo ba. Mashiya ya riga ya zo sau biyu neman gafara, kamar yadda shari'a ta ce a yi kafin azumin Ranar Kafara. Zuwan farko ya kawo rumman daga bishiyarsu, ya tsaya a bakin ƙofa yana kirana malam, mutumin da muka yi wasan ƙasa tare. Na karɓi rumman, na yi godiya, na rufe ƙofa. Zuwa na biyu ya taho da shaidu uku. Ya ce hannunsa ne, bai da abin da zai ƙara. Na ba su shayi, na tambayi lafiyar gidajensu, na raka su waje. Idan ya zo na uku na hana, ya fita hakki, laifin ya dawo kaina. Ni na koya wa Uriyel wannan hukunci da bakina.

Jiya Ilyawu, wanda niyyarsa ba ta kai kwana uku ba, ya gaya mini abin da ban sani ba yana cikin yi mini aski. Takardun Mashiya na barin ƙasa sun fito tun bazara. Ya tura matarsa da 'ya'yansa, shi ya zauna a gidan da babu ko tabarma, don kada mu koma tara kafin in kammala Kadish. Na so wannan labari ya sauƙaƙa mini. Sai na ji haushi ya ƙaru, domin yanzu har addu'ar ɗana daga hannunsa nake samunta.

Da na gaya wa Zilfo, ta daɗe tana tsince shinkafa, sannan ta ce in yafe da bakina idan na ga dama, amma kada in yafe da nata. Ban yi mata gardama ba. Yaya, shekara talatin ina koyar da lissafi, ban saba rubuta amsar da ban tabbatar ba. Zan iya ce masa na yafe, kowa ya huta. Amma washegari zan tsaya da azumi a bakina in roƙi Allah Ya yafe mini kamar yadda na yafe, kuma Ya san yadda na yi. Amsarka ba za ta iso kan lokaci ba. Na rubuto ne don wani nawa ya sani.

Ka gaishe da Yaya Burho, da Nisim da amaryarsa, da Inna Istam idan tana gane mutane. Zilfo tana gaishe ku.

Ba a kafa dutsen kabarin ba tukuna. Ba a taɓa ɗakin baya ba. Mashiya zai zo ranar Lahadi, jajibirin azumi, kuma ban yafe masa ba.

Ƙanenka,
Neriya