Akaifar Mariyama Ba Rini Ba Ce

Zuwa ga Mai Girma Babban Likita mai kula da gidajen magani na ƙasar Arewa,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, sunana Namata, ni tsohon soja ne daga wani ƙauye kusa da Kiyeshe. Hausar boko a bariki na koye ta, a yi haƙuri da rubutuna. Na rubuto a fili don kowa ya karanta, tunda na je ƙofar ofis sau uku ban wuce mai gadi ba. Maganar akaifa ce, wadda mutanen gabas ke kira farce. Na san za a yi dariya, ni ma da farko dariyar na yi.

Na farko. Mai ɗakina Mariyama maɗinkiyar faifai ce. Da akaifar babban yatsanta na dama take tsaga kaba, kuma ita ke dafa rininta, ja da karan dafi, baƙi da bagaruwa. Damina uku da suka wuce wani baƙin layi siriri ya fito mata a wannan akaifa, daga gindi zuwa baki. Ta nuna mini, na ce rini ne. Ta ce rini da lalle suna tafiya gaba in akaifa ta tsiro, har a yanke su, shi ko wannan daga tushe yake fitowa. Kowace mace mai ƙunshi ta san haka. Ni ban sani ba, kuma ban saurara ba.

Na biyu. Da layin ya yi faɗi na ɗora ta a jaki muka tafi gidan likita mafi kusa. Majo, shugaban wurin, bai ko riƙe hannun ba. Ya leƙa, ya ga tafinta da launi, ya ce ƙazantar rini ce, ta bar sana'ar za ta ga ya goge. Ta gaya masa abin da ta gaya mini, ya tambaye ta ko ita ce ta yi lakkwal, wato makarantar boko, ko shi. Ina tsaye da lambar yaƙi a ƙirji, na yi shiru. Wannan shirun yana cina har yau.

Na uku. Ta bi umarni. Shekara guda cur ba ta taɓa tukunyar rini ba. Akaifu tara suka fita fes, ta goma ta ƙara baƙi, ta tsage, baƙin ya haura fatar yatsa. Muka koma. A wannan karon majo ya sa awartaki ya cire akaifar, ya shafa jan magani, ya ɗaure. Na roƙe shi takardar da za ta kai mu babban asibiti a Yamai, inda ake da masu sanin irin wannan. Ya ce motar marasa lafiya ta masu naƙuda ce da waɗanda suka karye, ba a ƙona fetur saboda akaifa. To ranka ya daɗe, in wanda aka ajiye don ya sani bai sani ba, me zai hana ya ce bai sani ba, ya tura mu gaba?

Daga nan dangi suka ce doguwa ce ta taɓa ta. Aka je garin Lugu wurin masu bori, aka yi abin da ake yi, malamai kuma suka ba da rubutu. Ban ga laifinsu ba, su dai sun riƙe hannun sun duba.

Na huɗu. Bayan girbin bana wani likita ya zo rangadi. Ya kwance ƙyallen, ya ga gyambo baƙi, ya laluba hammatarta ya taɓo kaluluwa kamar ƙwan zabo. Ya ja ni gefe ya ce ciwon daji ne, kuma da an kai ta tun yana layi, yatsa ɗaya za a yanke ta rayu. Ya rubuta takardar nan take. Tana cikin aljihuna. Mariyama yanzu ba ta iya zama a kan jaki, balle kwana a mota.

Ranar da aka ɗaga tutarmu ta 'yancin kai na yi farati, na ce mun samu masu jin harshenmu. Majo Bahaushe ne, ya ji duk abin da ta faɗa, bai dai ɗauke shi magana ba. Wallahi na karaya, ba ni da sauran fata.

Roƙona uku ne. A aiko mata maganin da zai rage zogi, don ba ta barci. A gaya wa kowane majo cewa baƙin layin da ba ya tafiya da tsirowar akaifa, ko akaifar da ta tsage ta ƙi warkewa, a tura mai ita gaba tun tana tafiya da ƙafarta. Sannan in mace ta faɗi abin da ta gani a jikinta, a riƙe hannun a duba.

Allah ya ja zamaninka, ya raba iyalinka da ciwon da za a rena. In ka samu hanya ka biyo ta garinmu, kada ka daɗe. Jiya ta miƙo mini hannu ta ce in shaida wa majo ta cika umarninsa, akaifu taran nan babu ɗigon rini.

Wassalam.

Namata, mijin Mariyama.