A Rubuta Ciwon Ƙodar Ƙanena a Katinsa

Zuwa ga mai girma shugaban da ke kula da asibitocin yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni malamin firamare ne a Gwaram. Na rubuto ne a kan ƙanena Sale, manomi a Maruta, ba don a kori kowa daga aiki ba.

Na ɗaya. Bara, lokacin cirar gyaɗa, kububuwa ta sari Sale a gona. Muka ɗauke shi a mota zuwa asibiti, aka yi masa allura, jini ya tsaya. Muna murna sai fitsari ya ɗauke, ƙafafu da fuska suka kumbura, ya daina gane mu. Likita ya ce dafin ne ya tsayar da ƙodarsa farat ɗaya. Wallahi likitan nan da nas-nas sun yi iya ƙoƙarinsu, har Allah ya sa fitsari ya dawo. Ranar sallama likita ya ja mana kunne, ya ce akwai magungunan da ƙodar Sale ba za ta ƙara ɗauka ba.

Na biyu. Da daminar nan zazzaɓi mai zafi ya kama Sale, ni kuma ina Kano wajen kwas. Matarsa Hauwa ce ta kai shi, ta tarar an canja wa wancan likita wurin aiki. Ta ce wa sabon likita mijinta ya taɓa ciwon ƙoda. Bai raina ta ba, ya sa aka ɗauko katin, ya duba, bai ga komai ba sai saran maciji. Ga layin marasa lafiya har waje. Ya rubuta allura, ashe irin wadda wancan likita ya hana ce. Fitsari ya sake ɗaukewa, sai da aka garzaya da shi Kano. Sale ya rayu, alhamdu lillahi, amma yanzu kunya ɗaya ba ya iya nomewa sai ya zauna. Gonarsa maƙwabta ne suka yi mata gayya.

Na uku. Da na dawo, na tafi asibitin da fushi, aka nuna mini Malam Isa, akawun da ke ba kowace cuta lambarta kafin a aika lissafi sama. Shi kaɗai ne a ɗan ɗaki, katuna har kan taga. Ya nuna mini takardar da ofishinku ke aiko masa: gurbin cuta ɗaya tak ga kowane majinyaci. Abin da ya kawo mutum shi ake sa wa lamba. Abin da ya same shi a kan gado ba shi da wuri. Bayanin likita kuwa yana can cikin ɗaurin takardu a sito. Ya ce ya sha ganin irin wannan ga masu amai da gudawa da mata bayan haihuwa, kuma a lissafin da ke zuwa teburinku babu mai ciwon ƙoda ko ɗaya daga cikinsu. Fushina ya tafi. Ranar kasuwa sai ga shi a Maruta a kan kekensa, ya zo gaida Sale.

Ranka ya daɗe, muna ganin sababbin gine-ginen da kuɗin mai ya kawo, muna godiya. Roƙona ƙarami ne a kan waɗannan. A ƙara gurbi a takardar, a rubuta tsayawar ƙoda da lambarta ko da wata cuta ce ta jawo ta. A sa alama a fuskar katin duk wanda ya taɓa yin ta. A ba Malam Isa mataimaki. A kuma gyara katin Sale, domin har yau saran maciji kaɗai ke jiki, kuma ba kullum nake gari ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da aikin nan lafiya, ya tsare iyalinka daga jinya.

Wassalam.

Malam Habu, Gwaram