Tumatirina Ya Yi Fure, Kun Rufe Famfo

Zuwa ga Alhaji, Shugaban masu gidajen mai na shiyyarmu, tun daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali da abokan sana'a. Ranka ya daɗe, ni manomin rani ne a gefen Bagauda. Na zo ƙofar gidanka aka ce kana hutawa, shi ya sa na rubuto a fili kowa ya gani. Tumatirina ya yi fure, ƙasa ta fara tsagewa a gindinsa, injin ban-ruwana kuwa yana yashe babu ko ɗigon mai. Gonar nan ita ce abincin gida biyu, nawa da na yayana Sale. Ba mu da wata.

Na farko. Kada a ɗauka don muna ƙauye ba mu san abin da ake ciki ba. Muna da rediyo. Mun ji cewa ƙasashe masu arzikin mai sun zauna sun haɗa baki za su rage ɗanyen man da suke haƙowa, don ya yi ƙaranci a kasuwar duniya, farashinsa ya tashi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurina. Haka manyan 'yan hatsi suke yi a kasuwar Tudun Wada, su kulle masara a sito har sai ta yi tsada. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da hantsi aka faɗi labarin, kafin la'asar gidajen manku kusan duk sun ɗaure igiya a ƙofa, wai mai ya ƙare. Haba Alhaji! Da idona na ga tanka tana sauke mai a ɗaya daga cikinsu ana gobe za a rufe. Man da yake kwance a ƙarƙashin ƙasa a Kiru, shi ma rediyo yake saurara?

Na biyu. In farashin duniya ya sauka, sai ku ce tsohon kaya ne a hannunku, mu yi haƙuri ya ƙare. In ya hau kuwa, tsohon kayan nan take yake zama sabo. Waɗancan ƙasashen ko ba komai suna fitowa su faɗa wa duniya abin da suka ƙulla. Ku naku zaman ba a jin sanarwarsa, sai dai mu ga igiya.

Mu ma mun taɓa gwada irin taku dabarar, wallahi. Wata shekara mun yi shawara kada kowa ya kai tumatir kasuwa sai ya yi daraja. Kafin a je ko'ina ya fara zubar da ruwa a kwando, muka kwasa a guje muna roƙon dillalai su saya yadda suka ga dama. Naku kayan ba ya ruɓewa. Iyakar abin da kuka fi mu ke nan.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni barci. Gida ɗaya da ya rage yana sayarwa ya ce ba ya zuba mai a jarka, sai a abin hawa, wai don maganin 'yan bumburutu. To injin ban-ruwa tayoyi gare shi da zai bi layi? Dole manomi ya cika tankin babur, ya koma gona, ya zura tiyo ya zuƙo da baki, ya juye wa inji, sannan ya sake komawa layi. Haka Yaya Sale yake yi, mutumin da ya aurar da 'ya'ya, har ranar Laraba man ya sarƙe shi ya wuce masa ƙirji. A bakin rafi na tsince shi yana tari kamar ransa zai fita. Yanzu yana kwance, numfashi da ƙyar. Ko da yake a haka yake, duk sanda na shiga duba shi, tambayarsa ɗaya ce, ko na ba gonar ruwa. Ni kuma sai in sunkuyar da kai in kama yi masa sannu. 'Yan bumburutun da aka ce ana magani kuwa, ga su nan jere a bakin titi da galan-galan cike, ban san daga wace rijiya suke ɗiba ba. Raina a ɓace yake, Alhaji, kuma tsoro nake ji.

Roƙona bai da yawa. Ka sa a kwance igiyoyin nan, a sayar da man da yake ƙasa a kan farashin da aka sauke shi. A bar manomi ya sayi mai a jarka. In ana shakkarsa, mai unguwa ya shaide shi. In kuma za ku ƙara kuɗi, ku faɗa da baki kamar yadda manyanku na duniya suke yi, mu san inda muka dosa.

Allah ya ƙara maka lafiya da arziki na halal, ya sa ka gama da duniya lafiya. Fure ba ya jiran taron kowa, ya riga ya fara kakkaɓewa. In Juma'a ta wuce ban samu mai ba, ba sai ka wahalar da kanka ba. Sai dai ina roƙonka ka zo da kanka ka faɗa wa Yaya Sale cewa gonar ta mutu, don ni bakina ba zai iya ba.

Wassalam.

Naka,
Habu mai tumatir,
daga gefen Bagauda.