Yau an yi wa'azi da ni

Zuru, daren Lahadi, Yuli 2005

Fasto bai kira suna ba. Cewa ya yi, "Wani hedimasta da burkutu ta raba da aikinsa, amma Ubangiji ya tsamo shi." Duk ikilisiya ta waiwayo, matan ƙungiyar zumunta ta coci har da "Amin" suna kallona.

A hanyar gida matata Saratu ta ce, "Haba Malam, ai yabonka ya yi."

Na ce, "Yabo? Hedimasta nawa ne a cocin nan?"

Na san abin da na zubar, ba sai an tuna mini ba. Yaran da na koya wa karatu sun zama hafsoshin soja, ni ina duƙe a gonar dawa. Rabona da giya tun Faston nan yana firamare. Allah ya yafe, amma bayinsa sun ajiye laifina kamar iri, kowace damina sai sun shuka.

Da yamma na ce ni da cocin har abada. To amma ba Fasto ne ya mutu domina ba. Lahadi mai zuwa a bencin gaba zan zauna. In zai sake, ya faɗa yana kallon idona.