Kwana Tara Babu Iska

Mama, ki sa min albarka.

Ya jikin Baba? Ya mutanen garinmu El Yaque?

Ni lafiya lau, sai sanyin Jamus. Kwana tara muna zaune bakin teku, allunan da muke tsere da su a kan ruwa a yashe, iskar da za ta ja su ta ƙi zuwa. Dokar gasa, wanda ya tafi an cire shi. Shi ya sa aka yi wa Baba aikin tiyata ba na nan.

Fiton kiran iska da ya koya min a kwalekwalensa, na yi har leɓena ya tsage. Wani Bafaranshe ya ce, "Eudis, karenka ne ya ɓata?"

Mama, idan zai iya, ki kai shi bakin taga ya yi min fito sau ɗaya. Shi iska ba ta taɓa ƙin amsa masa ba.

Ɗanki,
Eudis