Sunan da Aminatou ta kasa faɗa

Parkchester, New York
9 ga Afrilu, 2016

Yaya Zeinabou,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara, kuma ciwon gwiwar Inna ya yi sauƙi. Allah Ya ƙara mata lafiya, Ya bar mana ita. Mu nan jiki lau, hankali ne ba a kwance ba, kuma dalilin da ya sa na zauna na rubuto ke nan maimakon waya.

Kin ji rabin labarin ƙanwarmu Aminatou, ga sauran. Mijinta Barmo ya zane ɗansu Mahamudu da wayar caja saboda ya ƙi zuwa islamiyya. Malamar makaranta ta ga shatar a hannun yaron, hukumar kula da yara ta ɗauke shi, ta ajiye shi gidan wasu mutane a Queens. Ba zan kare Barmo ba, na ga hannun da idona. Alƙali ya sa ya bar gidan, yanzu a shagon wani abokinsa yake kwana a Harlem. Da a nan abin ya tsaya, da tuni yaron ya dawo wurin uwarsa.

To amma kafin a mayar da shi, sai da aka riƙa haɗa shi da ita a wani ɗaki, ma'aikaciya na zaune tana kallo. Aminatou ta je da tuwo da miyar kuka a kwano, ta zauna nesa da shi, ta sunkuyar da kai. Ba ta rungume shi ba, ba ta kira sunansa ba, sai “yaron nan” kamar kullum. Matar ta gaya wa kotu cewa ba ta ga alamar shaƙuwa tsakanin uwa da ɗa ba. Na yi mata bayani cewa ɗan fari ne, kuma a wurinmu kunyarsa ake ji. Ta saurare ni da ladabi, sannan ta ce ba daga gare ni take son ji ba, daga yaron ne. Shi kuwa ya riga ya gaya mata cewa tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba.

Na same shi ni kaɗai, na yi masa Hausa, ya amsa mini da Turanci. Ya ce a gidan da yake yanzu, ko abinci za a ba shi sai an kira sunansa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wayar Inna. Aminatou ta kira ta tana kuka, Inna ta ce kada ta kuskura ta zubar da mutuncinta gaban Nasara, wai in ta fara kiran sunan ɗan fari me ya rage. Yaya, yaron ne ya rage, kuma shi ake shirin rasawa. Wata mai zuwa alƙali zai yanke ko ya dawo gida ko ya ci gaba da zama can.

Shekaranjiya na shiga na iske Aminatou ita kaɗai a kicin tana gwadawa a hankali. Ta kai “Maha”, ta tsaya, ta waiga kamar Inna na tsaye bayanta.

Ke ce 'yar farin Inna. Ba ki taɓa jin Zeinabou a bakinta ba, amma kin tashi cikin mutanen da suka nuna miki cewa tsokar da take ɓoye miki a ƙasan kwano ita ce maganarta. Mahamudu a Bronx ya tashi, babu wanda ya nuna masa, mu ma da muke kusa ba mu yi ba. Don Allah ki zauna da Inna, ki sa ta kira Aminatou ta ce ta yafe mata ta kira sunan ɗanta. Daga bakina Inna ba za ta karɓa ba, na gwada.

Ki gaishe mini da Inna, da Baba Hamidou, da Raudatu da jaririnta. Mahamudu bai ce a gaishe da kowa ba, ni ma ba zan ƙaga masa ba.

Ƙanenki,
Issoufou