Jigon Babanku

Madarunfa, 9 ga Nuwamba 1998

Zuwa ga ɗana Yowel,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina gajiya, yaya Yamai, yaya yaran lakwal ɗin da kake koyarwa? Ni lahiya lau, ƙahwa ce kawai, ita ma ta saba.

Ɗan Azumi direba ya kawo mini takardarka. Na karanta sau biyu ban gane wannan sit ɗin ba. Fasto ya ce kamar allo ne cikin odinater, wato kwamfuta, wanda yaron Zinder da na Faransa za su iya dubawa lokaci guda. To. Ka ce za ka sa yaran lise, manyan 'yan makaranta, su kafa jigo da hannunsu don su koyi fizik, ka rubuta yadda ake yi daki-daki cikin allon, da hoton jigon babanku a sama. Shekara talatin yana ɗebo ruwa da shi bai san fizik yake yi ba.

Jigon yana nan tsaye bakin rijiyar lambu yadda ya bar shi ranar da ya kwanta. Na ba Lawali maƙwabcinmu lambun, ni ba ni iyawa. Shi injin ban ruwa yake son sawa, ya ce jigon ya tsare mishi wuri. Na ce babu mai taɓa shi sai Yowel ya zo Kirsimeti ya ɗauki hoto. Bai so ba, amma ya bar shi.

Ka ce in auna maka da metir. Ina na ga metir? Na yanka igiya daidai tsawon kowane icce. Mai ƙulli ɗaya ta ginshiƙai ce, mai biyu daga giciye zuwa guga, mai uku daga giciye zuwa wutsiya. Curin lakar da ke wutsiya ba ya aunuwa sai an fasa shi, ni kuwa ba ni fasawa. Na tallabe shi, zai kai tiya ashirin ta gero.

Ka zo da mai hoto ko ka aro abin. Tun ranar bison babanku ban gan ka ba.

Ni ce uwarka,
Alisabatu

Madarunfa, 17 ga Janairu 1999

Yowel,

Ina gaishe ka, da fatan sanyi bai kada ka ba. Mu nan mun gode Allah.

Kirsimeti ta zo ta wuce. Na yanka zakara, Fasto da iyalinshi suka cinye. Ka ce odinater ɗin aro ce, sai lokacin hutu ake bar maka ita. Na ji.

Ka ce jigon yaranka ya yi aiki ranar farko, ran da manyan lakwal suka zo kallo kuwa ya ƙi ɗaga guga, yara suka ji kunya. Kana tambaya ko awona ne bai yi daidai ba. Awona daidai yake. Ɗanyar laka kuka auna. Laka in ta bushe nauyinta raguwa yake, wannan ko akuya ta sani. Ban hwaɗa maka ba don ban zaci sai an hwaɗa wa malamin fizik ba. Babanku kwana huɗu yake yi yana gyaran curi. Da sahe ya cika guga ya ja da hannu guda. In ya ji nauyi a kahwaɗa, ya ƙara dunƙule ɗaya da ɗan ramno, ya tahi sabgarshi. Gobe haka. Sai ran da guga ta taso kamar ita ke son zuwa. Kai kana zaune nan gindin mangwaro da littahi, ba ka ɗaga kai ba.

Na ga takardar da ka buga, wadda ka ce haka fuskar sit za ta zama. Kibau da lambobi sun yi yawa. Ka fara da lissahi, alhali mutum da zaɓen icce yake farawa. Ka sa wannan a farko. Mutumin da ka zana kuma ka tsai da shi ƙarƙashin wutsiya. In yaro ya bi zanenka curin zai fasa mishi kai, a ce ɗan Alisabatu ne ya koya mishi. Ka matsar da shi bakin rijiya. Wurin da ka bari fari a sama, na gane na hoton ne.

Lawali ya zo sau uku. Ya shimfiɗa tiyo ta gefe, albasarshi rabi na shan ruwa rabi ba ta sha. Jiya ya nuna mini gindin ginshiƙi guda, gara ta shiga. Na zuba toka. Na roƙe shi ya ƙara mini wata biyu, ni da ban taɓa roƙon kowa komi ba a garin nan.

Ka hwaɗa mini rana.

Uwarka,
Alisabatu

Madarunfa, 14 ga Maris 1999

Yowel,

Ina gaisuwa. Lahiyata ƙalau, kada ka tsorata da ganin takarda ba lokacinta ba.

Jigon ya hwaɗi ranar Talata da hantsi. Babu iska, babu wanda ya taɓa shi. Lawali da kanshi ya zo har gida ya sanar da ni, hula a hannu, kamar mutum ne ya mutu. Ba laihinshi ba ne, kada ka riƙe shi.

Na je na gani. Curin ya dare gida biyar. Ciki hawa-hawa yake kamar albasa, kowace shekara da tata lakar, ja da baƙa. Kowane hawa da shaidar yatsun babanku inda ya danna. Na sa hannuna a guda, ya fi nawa nesa. Ban yi kuka ranar biso ba, kai shaida ne, mutane har magana suka yi. Ranar Talata na zauna cikin albasar Lawali na yi abin da ban yi ba. Ya juya baya ya yi ta gyaran tiyon da ba abin da ya same shi.

Iccen na ce ya kai wa matarshi ta hura wuta. Injin yana bakin rijiya yanzu, ana jin shi har majami'a.

Hoto dai babu. Wurin nan fari da ka bari, ka sa sunan babanku, ka rubuta cewa Kalebu na Madarunfa ne ya kafa na asali, kuma bai taɓa auna curi da kilo ba. Ka gaya wa yaran su ƙara laka kullum har ta bushe. In sun yi haka zai yi aiki, ko a Faransa.

Saura magana ɗaya. Ba odinater ce ta hana ka zuwa ba, na sani tun Kirsimeti. Ba ka son ka ga jigon tsaye babu kowa a gindinshi. Ni wata bakwai ina ganinshi kullum, don kai na hana a kada shi. Yanzu babu shi. Babu abin da ya rage a Madarunfa da za ka ji tsoron kallo sai ni.

Ista saura sati uku. Ɗan Azumi yana tasowa daga Yamai ranar Alhamis.

Ni ce uwarka,
Alisabatu